Ku Tambaye Mu: Zagaya Tsofaffin Biranen Italiya a Ƙafa da Ƙaramin Guzuri

Wasiƙun da suka shigo mana a wannan wata daga Zariya sun karkata ne ga batu guda, wato yadda mai ƙaramin ƙarfi zai ziyarci tsofaffin biranen Italiya ba tare da ya dawo gida da bashi a wuyansa ba. Mun zaɓi biyar daga ciki muka taƙaita su. Farashin da za a gani a cikin amsoshin na shekarar 2025 ne, don haka mai niyyar tafiya ya sake dubawa kafin ya tashi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malami ne a wata babbar makaranta a nan Zariya, kuma an gayyace ni taron masana a Bolonya a watan Oktoba. Masu taron sun ɗauki nauyin jirgi da masaukin kwana uku, ni kuma ina so in ƙara mako guda daga aljihuna domin in ga Roma da Fulorans da Venis da Napoli da Pisa. Abin da na iya tarawa bai wuce yuro 700 ba. Shin zai isa? Kuma gaskiya ne ana iya ganin waɗannan garuruwa a ƙafa? Daga wani malami, Samaru.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Kuɗin zai isa idan aka yi tattali, amma jerin garuruwan ne ya yi yawa. Shawarata ita ce ka ajiye Venis da Napoli da Pisa zuwa wani karon, ka tsaya a kan Bolonya da Fulorans da Roma. Kowane sauyin gari yana cin kuɗin jirgin ƙasa, yana cinye rabin yini wajen haɗa kaya da neman tasha da neman sabon masauki, sannan mutum ya isa a gajiye har ya kasa kallon abin da ya zo dominsa. Na fi son ka dawo kana iya ba ɗalibanka labarin gari uku da ka taka da ƙafarka, a kan ka dawo da hotunan gari shida waɗanda ba ka iya bambance wannan da wancan.

Batun tafiya a ƙafa kuwa, gaskiya aka faɗa maka. An shata waɗannan garuruwa ɗaruruwan shekaru kafin a ƙera mota, titunansu matsattsu ne, kuma hukumomi sun taƙaita shigar motoci tsakiyar yawancinsu, ana cin tarar wanda ya kutsa ba da izini ba. Duk Bazazzage ya san cewa baƙon da ya shiga ta Ƙofar Doka a mota, ya wuce ta gaban fada, ya fita ta wata ƙofar, bai ga birnin Zariya ba, domin birnin yana cikin lunguna da zauruka da tsofaffin masallatai. To, haka lamarin yake a can. Mai ƙaramin guzuri da ke tafe a ƙasa yakan ga abin da mai tasi ba ya gani, saboda haka kada ka ɗauki tafiyar ƙafa a matsayin abin da rashi ya tilasta maka.

Ka fara da ƙara kwana guda a Bolonya ɗin kanta, tun da kana can. Gari ne na ilimi, kuma jami'arsa, wadda ake lissafa kafuwarta daga shekarar 1088, ita ake ɗauka mafi tsufa a Turai. Abin da ya bambanta garin shi ne rumfunan gini masu ginshiƙai da suka rufe gefen tituna, waɗanda tsawonsu ya kai kimanin kilomita 40 a tsakiyar gari kaɗai, kuma UNESCO ta sanya su cikin kayan tarihin duniya a 2021. Ko ana ruwa ko ana rana, mutum yana iya yini yana tafiya a ƙarƙashinsu. Mafi tsawo a cikinsu ita ce wadda ta hau tudu zuwa majami'ar San Luca, kusan kilomita huɗu, kuma daga can sama ana hango garin da filayen da ke kewaye da shi ba tare da an biya ko sisi ba. Ka leƙa farfajiyar Archiginnasio, tsohon mazaunin jami'ar tun ƙarni na 16, ka ga dubban tambarin ɗalibai da malamai da aka zana a bangonta.

Daga Bolonya zuwa Fulorans tafiyar kusan minti 40 ce a jirgin ƙasa mai gudu, daga Fulorans zuwa Roma kuma awa ɗaya da rabi. Kamfanoni biyu ne ke gogayya a kan wannan hanya, Trenitalia da Italo, kuma tikitinsu yana da araha sosai ga wanda ya saya ta intanet makonni kafin ranar tafiya, yana kuma tsada ga wanda ya bari sai ya zo tasha. Akwai jiragen yanki masu tsayawa a ƙananan garuruwa, waɗanda farashinsu ba ya sauyawa amma suna ninka lokacin tafiya. Idan tikitin takarda ka saya na irin waɗannan, wajibi ne ka tura shi cikin ƙaramar na'urar da ke bakin dandamali ta buga masa lokaci kafin ka shiga, in ba haka ba mai duba tikiti zai ci tararka ko da ka nuna masa ka biya. Ka kuma lura cewa a allon tasha za ka ga Firenze ne a maimakon Fulorans, da Bologna, da Venezia.

Kwana biyu sun ishe ka a Fulorans, domin tsakiyarta ƙarama ce. Daga tashar Santa Maria Novella zuwa babbar majami'ar garin tafiyar minti goma ce, kuma ƙubbarta ta jan bulo, wadda magini Brunelleschi ya kammala a 1436, daga waje ma ta fi kyan kallo. Daga nan sai dandalin Signoria, sai tsohuwar gadar Ponte Vecchio ta shekarar 1345 mai shagunan maƙeran zinariya a kanta, sannan ka haye kogin Arno ka hau tudu zuwa dandalin Michelangelo kafin faɗuwar rana. Duk wannan kyauta ne. Gidan zane-zane na Uffizi yana karɓar yuro 25, kuma ba zan ce ka biya ba sai idan kana da sha'awar zanen Turawa na da. Yana da kyau in sanar da kai tun yanzu cewa gumakan da ke dandalolin garin da yawansu siffar mutane ce ba sutura, domin kada abin ya zo maka ba zato.

Sauran kwanakin duka ka ba Roma, domin ita ce ba ta ƙarewa. Akwai hanya guda da nake ba kowa shawarar ya bi a rana ta farko, wadda ba ta wuce kilomita biyar ba: ka fara daga Kolosiyam, filin wasan da aka buɗe a shekara ta 80 miladiyya, ka bi babban titin da ya ratsa kufan tsohon birni, ka hau tudun Campidoglio ka zagaya bayan ginin majalisar gari, inda ake ganin kufan fadar mulkin Rumawa gaba ɗaya daga sama ba tare da tikiti ba. Daga nan ka gangara zuwa Pantheon, ka wuce dandalin Navona, ka haye kogin Tiber ta gadar Sant'Angelo, ka ƙare a dandalin Vatikan. Tikitin Kolosiyam yuro 18 ne, kuma ya haɗa da shiga kufan da tudun Palatino. Idan wuri ɗaya kaɗai za ka biya, ni Pantheon zan zaɓa maka a kan yuro 5. Gini ne na zamanin sarki Hadrian, kimanin shekaru 1,900 ke nan, ƙubbarsa ta kankare ce mai faɗin mita 43 ba tare da rodi ko guda a cikinta ba, kuma har yau tana tsaye da kafarta a buɗe a tsakiya, haske da ruwan sama suna shigowa. A ranar Lahadin farko ta kowane wata gidajen tarihin gwamnati kyauta ne, Kolosiyam ma yana ciki, sai dai layi yakan yi tsawo ƙwarai, sai wanda ya yi sammako.

Akwai wani wuri da yawancin baƙi ba sa zuwa, ni kuwa ina ganin mutumin Zariya ya fi kowa cancantar ganinsa, wato ganuwar Roma. Sarki Aurelian ne ya fara gina ta a shekara ta 271, tsawonta kusan kilomita 19, kuma mafi yawanta na nan tsaye. A ƙofar San Sebastiano akwai ƙaramin gidan tarihin ganuwar, inda ake barin mutum ya yi tafiya a cikin jikinta. Daga wannan ƙofa tsohuwar hanyar Appia ta fita, wadda aka fara shimfiɗawa a shekara ta 312 kafin miladiyya, kuma ranar Lahadi ta fi daɗin bi saboda ana rage motoci. Wanda ya ga yadda suka riƙe tasu ganuwar, lallai zai dawo da tunani a kan yadda tamu take zaizayewa, ana ɗibar ƙasarta ana gini.

Masauki shi zai ci kusan rabin kuɗinka, kuma a nan ne mutane suka fi yin kuskure, su kama ɗaki mai araha a bayan gari sannan su ƙarar da ribar a kuɗin mota da lokaci. Ka nemi gado a gidajen kwanan matafiya na haɗaka, ko ɗaki a gidajen baƙi da ƙungiyoyin coci ke gudanarwa, kusa da Termini, babbar tashar jirgin ƙasa ta Roma. Ka tambaya ko farashin ya haɗa da harajin kwana da kowane gari ke karɓa a kan kowane dare, domin sau da yawa a hannu ake biyansa daban. Kada ka sayi ruwa a Roma: akwai famfunan ƙarfe kusan 2,500 a titunanta da ke zuba dare da rana, ruwansu mai sanyi ne kuma na sha, gora kawai za ka riƙe. Ka tafi da takalmin da ƙafarka ta riga ta saba da shi, domin an shimfiɗa titunan da ƙananan baƙaƙen duwatsu masu wahalar takawa. Ka kula da aljihunka a tashar Termini da cikin bas mai lamba 64, inda 'yan sane suka yi suna, kuma kada ka zauna a kan shahararrun matakalan dandalin Spagna, domin tun 2019 aka hana, ana kuma cin tara.

TAMBAYA: Zan je duba 'yata da ke karatu a Peruja. Damuwata abinci ne da salla, sannan ina fama da ciwon gwiwa. Yaya zan yi? Daga wata uwa, Tudun Wada.

AMSA: Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, ya ba yarinya sa'ar karatu. Peruja a kan tudu take, hawa da gangara ne ko'ina, amma mutanen garin sun yi wa abin dabara. Akwai matakala masu tafiya da lantarki da ke ɗaukar mutum daga ƙasan gari zuwa tsakiyarsa kyauta, wasunsu ma ta cikin wata tsohuwar ganuwa ta ƙarni na 16 suka ratsa, akwai kuma ƙaramin jirgi da ke hawa daga wajen tasha. Idan kin kai sama, babban titin Vannucci shimfiɗaɗɗe ne kuma motoci ba sa bin sa. Ki riƙa fita da safe da kuma la'asar, ki huta da rana kamar yadda su ma suke yi, domin ƙananan shaguna da yawa suna rufewa bayan azahar.

Batun abinci yana buƙatar kula sosai, domin naman alade ya shiga girkin Italiya fiye da yadda baƙo zai zata, kuma ba da suna ɗaya yake zuwa ba. Ki sa yarinya ta rubuta miki waɗannan a takarda ki riƙe: maiale, prosciutto, pancetta, guanciale, salame, mortadella, da strutto, wanda shi ne man alade da ake sa wa wasu nau'o'in burodi. Taliyar da ake kira carbonara da amatriciana duka da naman alade ake yin su, sannan wasu miyoyi da dafaffiyar shinkafarsu ana zuba musu giya. Abin da ya rage kuma yana da yawa kuma shi ne mafi araha: taliya da miyar tumatir, fiza mai tumatir da cuku, kifi, wake, ganyaye da 'ya'yan itace. Ana sayar da fiza a yanka bisa awo, mutum ya nuna girman da yake so. A kusa da tashar jirgin ƙasa ta kusan kowane babban gari akwai mahauta Musulmi, yawancinsu 'yan Maroko da Masar da Bangaladash. Tun da a wajen 'yarki za ki sauka, girki a gida da cefane daga kantuna irin su Coop da Conad da Lidl zai rage miki kashe kuɗi ƙwarai. Idan kun shiga gidan shan kofi, ku sani farashin wanda ya sha a tsaye daban yake da na wanda ya zauna a tebur, gidajen abinci kuma suna ƙara kuɗin zama a kan kowane mutum, wanda suke rubutawa coperto.

Game da salla, alƙibla a Italiya tana kudu maso gabas ne, saɓanin yadda muka saba a gida, don haka ki tabbatar da ita tun ranar da kika sauka. Lokuta ma suna sauyawa sosai: a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara saura, a Disamba kuwa kafin ƙarfe biyar an yi magariba. Yawancin masallatai ɗakuna ne a ƙasan gidaje ba tare da hasumiya ba, kuma mahaucin unguwa shi ne zai fi saurin nuna muku. Idan kun je Roma, ku yi ƙoƙarin yin Juma'a a babban masallacinta da aka buɗe a 1995 a gindin tudun Antenne, wanda yake cikin mafi girma a Turai. Hijabi ba shi da wata matsala a doka, sai dai akwai dokar 1975 da ta taƙaita rufe fuska a bainar jama'a, kuma jihar Lombardiya ta hana shiga asibiti da ofisoshinta da niƙabi.

TAMBAYA: An ce mini Venis ta masu kuɗi ce kawai. Haka ne? Daga wani matashi, Sabon Gari.

AMSA: Ɗan'uwa, tsadar Venis tana kan ruwa ne da gado. Hawa kwale-kwalen nan da ake gani a hotuna yuro 90 ne na rabin awa, jirgin ruwan haya kuma yuro 9.50 ne tikiti guda. Amma garin tsibirai 118 ne da gadoji sama da 400 suka haɗe, babu mota ko guda, kuma daga tashar Santa Lucia zuwa gadar Rialto zuwa dandalin San Marco tafiyar minti 40 ce ga wanda ya bi alluna masu ruwan ɗorawa da ke jikin bango. Ka kwana a Mestre, garin da ke tsallaken ruwa daga tsibiran, inda ɗaki ya fi sauƙi, jirgin ƙasa ya kai ka cikin minti goma. Tun 2024 ana karɓar yuro 5 ko fiye daga masu shigowa su fita a yini guda a wasu ranakun cunkoso, amma wanda ya kwana a cikin ƙaramar hukumar, har da Mestre, an ɗauke masa, rajista kawai zai yi. Idan kana son ɗanɗana kwale-kwale, akwai masu tsallakar da mutane babban mashigin ruwa a kan yuro 2. Ka guji zama cin abinci a kan gadoji ko a ƙasa a dandalin San Marco, domin ana cin tara.

TAMBAYA: Wani dillali ya ce in ba shi kuɗi masu yawa ya samo mini bizar Italiya ba tare da na je ko'ina ba. In amince? Daga wani ɗan kasuwa, Kwangila.

AMSA: Alhaji, kada ka ba shi. Bizar ziyara ta ƙasashen Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, ciki har da Italiya, kuɗinta yuro 90 ne ga babba, ban da ladan cibiyar karɓar takardu, kuma mai nema na farko dole ya je da kansa a ɗauki hoton yatsunsa. Ofishin jakadancin Italiya a Abuja da ƙaramin ofishinta a Legas su ne masu yanke hukunci, babu dillalin da ke da iko a kai. Za a nemi bayanan asusunka na banki, da shaidar sana'a, da shaidar masauki da jirgin dawowa, da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya. Bizar ba ta wuce kwana 90 a cikin kwana 180, kuma wanda ya zarce wa'adinsa ya rufe wa kansa ƙofa, ya kuma ƙara wa na bayansa wahala.

TAMBAYA: Ni ɗalibar tarihi ce. Shin akwai abin da ya shafi tarihin Musulunci ko na ƙasar Hausa a waɗannan birane? Daga wata ɗaliba, Kongo.

AMSA: Malama, akwai, kuma wannan tambaya ta faranta mini rai. Idan kin tsaya a gadar Sant'Angelo a Roma, katafaren ginin da ke gabanki shi ne inda aka tsare Alhasan ɗan Muhammadu Alwazzan, mutumin Fas ta Maroko haifaffen Garnaɗa ta Andalus, wanda 'yan fashin teku suka kama a 1518 suka miƙa wa Fafaroma Leo na 10. Turawa sun san shi da Leo Africanus. A Italiya ya kammala littafinsa na bayanin Afirka a 1526, aka buga shi a Venis a 1550, kuma a cikinsa ya ambaci Kano da Katsina da Gobir da Zamfara da Zazzau. Masana sun yi saɓani a kan ko ya taka ƙasar Hausa da ƙafarsa ko daga bakin fatake ya ji, amma babu saɓani cewa Turai ta daɗe tana sanin ƙasarmu ta hanyar wannan littafi. A Venis kuma akwai ginin Fondaco dei Turchi a bakin babban mashigin ruwa, wanda ya kasance masauki da rumbun fataken daular Usmaniyya daga 1621 zuwa 1838.

Amma idan da gaske kike, Palermo ya kamata ki nufa, babban birnin tsibirin Sisili. Musulmi sun kama shi a shekara ta 831, suka riƙe shi har 1072 lokacin da Normawa, Kiristoci 'yan asalin arewacin Faransa, suka karɓe, kuma matafiyi Ibn Hauƙal, wanda ya ziyarce shi a ƙarni na 10, ya ba da labarin masallatai kimanin 300 a cikinsa. Sarakunan Normawa sun ci gaba da aiki da magina da malamai Musulmi, kuma a fadar sarki Roja na 2 ne Al'idrisi ya kammala taswirarsa ta duniya a 1154. Babbar majami'ar garin tana tsaye ne a gurbin da masallacin Juma'a ya taɓa zama, kuma a jikin wani ginshiƙi na shirayinta har yau ana ganin rubutun Larabci da aka sassaƙa daga Alƙur'ani, wanda ake kallo daga waje kyauta. Jajayen ƙubbobin San Cataldo, da fadar Zisa, da unguwar Kalsa, da kasuwar Ballarò inda 'yan Afirka ta Yamma da dama ke zaune suna kasuwanci, duka ana iya haɗa su a ƙafa cikin kwana biyu. UNESCO ta amince da waɗannan gine-gine na haɗin Larabawa da Normawa a 2015.

Palermo ta fi Roma da Fulorans sauƙin masauki da abinci. Ki nemi panelle, wani soyayyen garin wake da ake sa wa cikin burodi, mai araha kuma ba nama, amma ki guji burodin saifa da garin ya shahara da shi, domin da man alade ake soya shi. Ana zuwa ta jirgin ruwan dare daga Napoli, ko ta jirgin ƙasa daga Roma, wanda ake loda taragunsa cikin jirgin ruwa a tsallakar da su mashigin Messina. Ki shirya tafiyarki tsakanin Nuwamba da Maris, lokacin da baƙi suka ragu kuma farashi ya sauka, domin sanyin Sisili bai kai na arewacin ƙasar ba, rigar sanyi guda mai kauri da laima sun wadatar.